Ɗana ya tura bidiyon ƙarya, yanzu shi da mahaifinsa ba sa ga maciji

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, damuwata kuma a kan babbansu ce, ɗan shekara 16. Kwanakin baya da sassafe ya ga wani bidiyo a TikTok, mutane na ta gudu ana harbe-harbe, an rubuta a jiki wai yanzu-yanzu abin yake faruwa a kusa da makarantarsu. Bai tambayi kowa ba ya tura zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Kafin ka ce kwabo magana ta kai kunnen iyaye, wasu suka hana 'ya'yansu fita, waɗanda nasu suka riga suka tafi kuma suka bi su a guje. Daga baya aka gano bidiyon tsoho ne, ba ma a ƙasarmu aka ɗauka ba. Makaranta ta kira Abbansu, da ya dawo ya ƙwace wayar, ya yi masa faɗa a gaban ƙannensa, har ya kira shi maƙaryaci. Ya ce shi da waya sai ya gama sakandare. Tun ranar yaron ya daina sakin jiki da kowa. Idan na yi masa magana sai ya ce shi taimako ya yi niyya, kuma ai Abba ma kullum yana tura irin waɗannan saƙonni. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne cewar da yake yi wai duk 'yan jarida an saye su, rediyo da talabijin duk ƙarya suke, wani matashi da yake bi a TikTok ne kawai mai faɗin gaskiya. Ga autata 'yar shekara 9, ta leƙa ta ga bidiyon, yanzu tana firgita cikin dare, da safe kuma ta ce ba za ta makaranta ba. Na rasa bayan wa zan bi. Don Allah a ba ni shawara.

Uwa mai damuwa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanyaya miki zuciya. Zama tsakanin miji da ɗa, kowa na jin shi aka ɓata wa, ba ƙaramin nauyi ba ne, ga kuma ƙaramar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita ma tana ɗanɗana kuɗarta. Amma ina ganin ba sai kin zaɓi ɓangare ba, domin abin da ya raba su bai kai girman da suke gani ba.

Zan fara da maganar da ɗanki ya yi miki, cewa taimako ya yi niyya. Ki yarda da shi, kuma ki bari ya ji daga bakinki cewa kin yarda. Yaron da ya ga ana harbi, aka ce masa a ƙofar makarantarsu ne, abin da ya fara faɗo masa shi ne abokansa, wannan yaro ne mai zuciya. Bai ƙirƙiri ƙarya ba, ƙarya ce aka shirya ta faɗa a kansa. Ya yi kuskure babba, ba zan rage masa ba, domin a irin wannan gudun ne ake take yara, ake haɗarin mota, mai hawan jini ya yanke jiki ya faɗi. Sai dai kuskuren da ya yi gaggawa ce da rashin bincike. Kalmar maƙaryaci da aka jefe shi da ita a gaban ƙannensa ita ce take masa ciwo, na tabbata ta fi masa rashin wayar zafi.

Ki lura da yadda aka gina bidiyon nan. An haɗa masa abu uku da ke hana mutum tunani: tsoro, kusanci da gaggawa. Da an ce abin ya faru bara a wata ƙasa mai nisa, da ya kalla ya wuce. Kalmar "yanzu-yanzu" da sunan wurin da ya sani su ne suka sa yatsansa ya riga hankalinsa. Wannan ba raunin yara ba ne su kaɗai. A shekarar 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter, suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin 100, kuma na gaskiya yakan ɗauki ninki shida na lokaci kafin ya kai ga mutum 1,500. Suka kuma gano cewa mutane ne suka fi yaɗa shi, ba na'urori ba, saboda labarin ƙarya yakan zo da sabon abu mai ban mamaki ko ban tsoro. Mai shirya ƙarya yana da 'yancin ƙara mata gishiri yadda yake so, mai faɗin gaskiya kuwa abin da ya faru ne ya ɗaure shi.

Akwai kuma bambanci tsakanin yadda mu muka saba jin labari da yadda su suke ji, kuma idan ba ki riƙe wannan ba za ki yi ta ganin kamar taurin kai ne. Mu mun san lokacin labarai, mun san tashar da muka kama, mun san sunan mai karantawa. Ɗanki bai taɓa zama ya ce bari in nemi labarai ba. Labari ne yake zuwa ya same shi, a tsakanin bidiyon barkwanci da na ƙwallo, duk girmansu ɗaya, duk da yatsa ɗaya ake ture su. Ba a nan kaɗai abin yake ba. Hukumar Ofcom mai kula da kafafen sadarwa a Birtaniya ta ba da rahoto a 2022 cewa Instagram da TikTok da YouTube su ne manyan hanyoyi uku da yara 'yan shekara 12 zuwa 15 suke samun labarai. Kuma ƙwarewar da muke gani suna da ita wajen latsa waya tana ruɗar mu, mu ɗauka sun iya tantance abin da ke ciki. A 2016 masana a jami'ar Stanford sun gwada ɗalibai sama da 7,000, sai fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare suka ɗauki talla a matsayin labari, alhali an rubuta a jikinsa cewa biyan kuɗi aka yi aka sa shi. Yaro na iya gyara miki waya cikin minti biyu, amma bai taɓa tambayar kansa wa ya ɗora wannan bidiyon ba, kuma me zai samu idan an kalla.

Sannan manhajar TikTok ba ruwanta da gaskiya ko ƙarya. Abin da take aunawa shi ne me ya tsaya ya kalla har ƙarshe, me ya sake kallo, me ya tura. Idan ya tsaya a kan bidiyon tashin hankali yau, gobe ta kawo masa biyar. Maimaici kuwa yana da tasirin da masu nazarin halayyar ɗan Adam suka tabbatar tun 1977: maganar da mutum ya ji sau da yawa takan fara yi masa kama da gaskiya, ko da ba a ƙara masa hujja ko ɗaya ba. Don haka idan ɗanki ya ce miki "kowa ma ya sani", abin da yake nufi shi ne ya gani sau ashirin a wayarsa.

Yanzu maganar da ya yi a kan Abbansu. Na san a matsayinki na uwa abin da ya fara zo miki shi ne ki kwaɓe shi, kuma daidai ne ki nuna masa cewa ba a mayar wa uba magana cikin fushi. Amma idan kin kaɗaita ki tambayi kanki ko gaskiya ya faɗa. Idan gaskiya ne, to yaron yana ganin an hukunta shi a kan abin da ake yi a gabansa kullum, kuma babu wa'azin da zai shige shi muddin yana jin haka. Manya ba su tsira daga wannan cuta ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan zaɓen Amurka na 2016 ya nuna cewa waɗanda suka haura shekara 65 sun tura labaran bogi a Facebook kusan ninki bakwai na 'yan shekara 18 zuwa 29. Ki tuna watan Agustan 2014 lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Iyaye ne suka tashi 'ya'yansu daga barci suka yi musu wankan, saboda ƙauna da tsoro, kuma an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Abin da ya motsa waɗannan iyaye shi ne ya motsa ɗanki.

Shi ma maigidan ki fahimce shi. An kira shi makaranta, ya zauna a gaban malamai ana karanta masa laifin ɗansa, ya fito yana jin idon sauran iyaye a kansa. Ga fargabar abin da ka iya biyo baya, don a ƙasashe da yawa yaɗa labarin da ya tada hankalin jama'a na iya kai mutum gaban hukuma. Fushinsa daga nan ya fito. Kada ki tare shi da "ka yi kuskure". Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ku biyu kawai, ki fara da cewa kin ga abin da ya sha a ranar. Daga nan ki kawo masa tambaya ɗaya: idan an hana yaron waya har ya gama sakandare, ranar da aka mayar masa me zai iya wanda bai iya ba yau? Zai ci gaba da kallon bidiyon nan a wayar abokansa, inda babu babban da zai ce masa dakata, kuma zai koyi ɓoye muku abin da ya gani. Ni ina ganin hukuncin ya ci gaba, amma a yi masa wa'adi da sharaɗi, misali wata ɗaya, kuma Abban ne da kansa zai miƙa masa wayar idan ya cika sharaɗin. Ta haka girman uba bai taɓu ba. Idan kuma zai iya ce wa ɗansa, ko da a taƙaice, "Na san ba ƙarya ka yi niyya ba", to rabin aikin ya ƙare.

Sharaɗin farko shi ne ya gyara abin da ya ɓata, a inda ya ɓata shi. Ya rubuta wa zauren 'yan ajinsu saƙo gajere: bidiyon da na tura tsoho ne, daga wata ƙasa, ban bincika ba, ku yi haƙuri, duk wanda ya tura gaba ya sanar da waɗanda ya tura wa. Ya kuma je da ƙafarsa ya ba shugaban makaranta haƙuri. Zai ji nauyi, amma zai fito da kansa a ɗage, kuma zai gane da kansa cewa gyara ba ya kaiwa inda ƙarya ta kai.

Na biyun shi ne wanda nake so ki ba shi muhimmanci. Ku zauna ku biyu da bidiyon nan a wayarki, ki ce masa ke ba ki iya ba, ya nuna miki yadda aka gano tsoho ne. Ya tsayar da bidiyon a inda hoto ya fito sarai, ya ɗauki hoton fuskar wayar, ya sa a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa za ku ga hoton ya fito a wani shafi na shekarun baya, da sunan wani gari daban. Ku ƙura wa bidiyon ido tare: da wane harshe aka rubuta allunan shaguna, yaya lambar motoci take, wace irin riga jami'an tsaron suka sa, ana ruwan sama a ciki alhali ku kuna cikin rani? Sai ku buɗe shafin wanda ya ɗora: yaushe aka buɗe shi, akwai suna da fuska, me yake ɗorawa kafin wannan? Masanan Stanford ɗin nan sun lura da wani abu a wurin ƙwararrun masu tantance labarai: ba sa ɓata lokaci suna nazarin shafin da suke shakka, fita suke yi nan take su duba me wasu suka ce a kansa. Ki koya masa wannan. Idan da gaske ana harbi kusa da makaranta, cikin ɗan lokaci za a ji daga makarantar, ko daga kafar labarai fiye da ɗaya, ko daga wanda ke zaune a wurin idan an buga masa waya. Kiran waya ɗaya zuwa ga malamin ajinsu da ya kashe maganar tun da safe. Akwai kuma cibiyoyin da aikinsu shi ne tantance labarai, irin su Africa Check da Dubawa da sashen tantancewa na kamfanin dillancin labarai na AFP, ya saba da duba su.

Daga nan sai dokar gida, wadda ta hau kan kowa har ke da Abbansu: duk saƙon da ya sa gabanka ya faɗi, ko ranka ya ɓaci, ko aka ce maka ka tura da sauri, a dakata a tambayi daga ina ya fito. WhatsApp kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda tun 2019, kuma yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo. Ki nuna wa yaran alamar, ma'anarta ita ce saƙon ya ratsa hannu da yawa kafin ya iso ga wanda ya turo maka. Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da neman tabbaci idan an zo mana da labari, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama, kuma hadisi ya zo cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Idan za a karanta wannan a gida, a karanta shi a matsayin tunatarwa ga kowa, kada a mai da shi bulalar dukan mutum ɗaya. Wata dabara kuma: ki roƙi Abban ya riƙa miƙa wa ɗansa saƙon da aka turo masa, ya ce duba min wannan kafin in tura. Yaron da aka ɗora wa amanar tantance wa gida labari zai yi wuya ya sake tura abin da bai bincika ba.

Abin da kika ce ya fi damunki ni ma shi ya fi damuna. Yaron da ke yarda da komai ya fi sauƙin gyara a kan wanda ya ce komai ƙarya ne, domin na biyun yana jin kansa wayayye, alhali ya tattara yardarsa gaba ɗaya ya damƙa wa mutum ɗaya. Kada ki zagi matashin nan da yake bi. Yana ganin fuskarsa kullum, yana jin kamar da shi kaɗai yake magana, duk wanda ya taɓa shi kamar ya taɓa abokinsa ne. Ki ce ya kunna miki ku kalla tare, ki saurara har ƙarshe, idan ya faɗi abin da yake daidai ki ce daidai ne. Sai ki yi tambayoyi irin na mai son sani: shi a ina ya ji wannan? Yana wurin? Ya taɓa fitowa ya ce na yi kuskure? Me yake sayarwa, ko wa yake tallatawa? Ku rubuta abu uku da ya ce sun faru ko za su faru, bayan mako biyu ku dawo ku duba. Ki bar sakamakon ya yi magana, ko da bai zo yadda kike so ba.

Kuma kada ki ce masa 'yan jarida ba sa kuskure, don zai kawo miki misali ya kayar da ke. Suna yi, wasu kafafen ma suna da ɓangaren da suke karkata. Bambancin shi ne gidan jarida yana da suna da adireshi da edita, ana iya kai shi kotu, kuma nagari daga cikinsu sukan fito su gyara abin da suka faɗa ba daidai ba. Mai shafi kuwa yana iya goge bidiyo cikin dare ya wayi gari kamar bai taɓa faɗa ba. Ku ɗauki labari ɗaya ku ji yadda kafa uku mabambanta suka kawo shi, ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Wannan ya zama dole yanzu da karin maganar nan ta gani ya kori ji ta fara rauni. A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya zagaye duniya, mutane da yawa suka yarda, alhali fasahar kwamfuta ta ƙirƙirarriyar basira (AI) ce ta haɗa shi. Yau har muryar mutum ana kwaikwaya. Ido kaɗai ba zai raba masa gardama ba, sanin inda abu ya fito ne zai raba.

Autarki kuwa kada a jira komai, a fara da ita yau. Yaro a shekarunta idan ya ga bidiyo yakan ɗauka a nan ne kuma yanzu ne, kuma maganar da manya suka yi a tsakaninsu cewa tsoho ne wataƙila ba ta kai gare ta ba. Ki ɗora ta a cinya ki tambaye ta me ta gani, me take tsammanin zai faru, ki bar ta ta gama. Kada ki ce mata babu komai, ta ga komai da idonta. Ki ce mata abin ya faru da gaske amma tun da daɗewa, a wata ƙasa mai nisa, wani ne ya rubuta sunan makarantar a kai don ya tsorata mutane. Zai fi tasiri idan yayanta ne ya faɗa mata da bakinsa, kuma shi ma zai amfana da ganin inda saƙonsa ya kai. Kada ki bar ta ta zauna a gida, don kowace rana da ta yi fashi tsoron ƙaruwa yake. Ki raka ta har ƙofar aji na 'yan kwanaki, ki sanar da malamarta. A daina kunna bidiyon tashin hankali a inda take, kuma ki tuna TikTok da Instagram da Facebook duk shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Idan firgitar ta wuce wata guda, ko ta fara fitsarin kwance, ko ciwon ciki duk safiya, ki kai ta wurin likita.

Idan maigida ya ƙi sassautawa, kada ki ba yaron waya a ɓoye, wannan zai mai da rigimar ta dawo tsakaninki da mijinki. Duk zaman binciken da na faɗa ana iya yin sa da wayarki, da sanin Abban. Ki nemi wanda yake jin maganarsa, yayansa ko wani amininsa ko malamin da yake girmamawa, ya sa baki a hankali. Shi kuma yaron ki sa masa ido: idan shirun ya kai ga ƙin cin abinci, ko barin abokai, ko kika ji ya fara maganar ƙiyayya ga wata ƙabila ko wani addini da kalmomin da ba nasa ba, to lamarin ya wuce na bidiyo ɗaya, ki nemi malamin ba da shawara na makarantarsu ko likita ba tare da jinkiri ba. Ki sake rubuto min bayan kin yi magana da Abbansu, ina son in ji yadda kuka yi.